Amya Biyu a Jirgin Tagwaye

Godiya ga Wanda ya shimfiɗa ruwa ya hana shi cinye tudu, ya ba iska hanya ba tare da turba ba, ya ɓoye zaƙi a cikin ƙwaro mai harbi. Bayan haka, ni ne Tanimu ɗan Barmo, mai zuma, jikan masu zuma. Wasu suna yawon duniya don zinariya, wasu don sarauta. Ni yawon da na yi na neman sanin ƙudan zuma ne, inda yake kwana, abin da yake ci, da abin da ke sa shi ƙaura. Na ratsa Ƙasar Duwatsu Masu Gumi, inda zuma take baƙa wuluk. Na yi damina a Kwarin Rimaye, inda ake hawa bishiya tun safe a kai ƙarshenta da azahar. A ƙarshe ƙafa ta kai ni wani gari da ake kira Madakata, a bakin Tekun Shuni, na tarar ƙasa ta ƙare, sai ruwa iyakar gani.

A nan na zauna da amya biyu, wato gidajen zuma da na saƙa da ciyawa na yaɓe da kashin shanu. Ƙudajen ciki 'yan jajaye ne masu haƙuri da na samo a hanya, kuma ina ji da su fiye da yadda ya kamata babban mutum ya ji da ƙwaro.

Wata safiya ina ba su ruwa sai ga wata dattijuwa doguwa, rana ta gasa mata damatsa, ta tsaya a kaina ba ta ko tsoron harbi.

"Kai ne baƙon da aka ce yana hira da ƙuda?"

Na ce, "Ni ne, Inna. Amma su suka fi ni surutu."

Ta ce sunanta Kuluwa, tuƙin jirgi ne sana'arta, kuma daga Tsibirin Farin Fure ta zo. Shekarun baya wata iska mai gishiri ta bi tsibirin ta kashe ƙudan zuma kaf. Tun daga nan itatuwa suke fure su zubar, ba ɗa ko ɗaya. Kabewa ta ƙi, duma ya ƙi, har ƙwaryar da suke shan ruwa da ita duk ɗinki ne a kan ɗinki. Dattawan tsibirin sun gaji, sun yanke cewa in bana ma fure ya zube a banza, kowa zai kwashe nasa ya nasa a bar wurin.

"A can aka binne uwata, a can aka binne cibiyata," in ji ta. "Fure ya soma buɗewa tun kafin in taso. In ka kai mana ƙudan nan da rai kafin ya zube, mun zauna. In ba haka ba, shi ke nan."

Ban iya ruwa ba, ko kududdufi ban cika so ba. Amma tsibirin da yake cike da fure babu mai shan sa, wannan ba abin da mai zuma zai ji ya yi barci ba ne. Na rufe bakin kowace amya da ɗan faifai mai huda don iska ta shiga, na ɗauki curin kakin zuma da nake ajiya, na bi ta.

Jirgin da ta nuna mini sabo ne fil, ko ƙamshin sassaƙa bai bar shi ba. Nata na da ya farfashe a kan dutse a hanyar zuwa, shi ne taubashinta, wani masassaƙi gajere mai tumbi da ake kira Baba Nomau, ya yi mata wannan cikin gaggawa. Ban taɓa ganin irinsa ba. Kwalekwale biyu ne dogaye a jere, an gitta musu azara an ɗaure da igiya, an shimfiɗa gado a kai. A tsakiya aka kafa jigo, a jikinsa ake ɗaga wata ƙatuwar tabarma ta kama iska. A baya kuma akwai dogon matuƙi da ake juya jirgin da shi.

Mutanen wannan teku suna kiran irin jirgin nan tagwaye. Na dama Hassana, na hagu Usaina. Dole a sassaƙa su daga itace ɗaya, yadda tagwaye suke fitowa daga ciki ɗaya, kuma duk abin da aka yi wa ɗaya sai an yi wa ɗayar. In an sa tulu a Hassana, a sa irinsa a Usaina. In an sha ruwa a wannan tulu, sai an kurɓi na wancan. Sun yi imani cewa in aka nuna wa ɗaya fifiko, ɗayar za ta yi fushi ta rabu da 'yar'uwarta a tsakiyar ruwa.

Inna Kuluwa ta ce, "Allah ya so mu amyarka biyu ce. Da ɗaya ce, da sai mun tsaga ta."

Na yi dariya, sai na ga ita ba ta yi ba. Muka ɗaure amya ɗaya a cikin Hassana, ɗaya a cikin Usaina, muka yi musu rumfar kaba, muka tashi mu uku.

Tekun Shuni ya karɓe mu da lalama. Ruwansa shuɗi ne har ƙasa, kana hango garken kifaye suna kiwo a ciki. Cikina ne kawai ya ƙi yarda da tafiyar, na kwanta a kan gado ina ba kifi abin da na ci. Baba Nomau yana wucewa yana cewa, "Sannu ɗan tudu, Allah ya saka maka, ka ciyar da talakawa."

Ba mu yi nisa ba sai na ji jirgi ya soma kuka. Ƙiii, ƙiii, duk sanda igiyar ruwa ta ɗaga mu. Na duba na ga goshin Hassana da na Usaina suna buɗewa suna rufewa, gadon da nake kwance a kai yana motsi.

"Nomau," in ji Inna Kuluwa daga wajen matuƙi, "jirgi ka yi mini ko almakashi?"

"Ke dai tuƙa abinki, tsohuwa. Sabuwar igiya ce take miƙa, kowace sabuwa haka take yi."

Ya kira ni in taya shi. Muka kwance ɗaurin azara ɗaya bayan ɗaya, ya jiƙa igiyar, ya sake naɗa ta, sannan ya cusa gajeriyar sanda a cikin naɗin yana murɗawa har igiyar ta yi tauri, ya ɗaure bakin sandar. Inda azara ta zauna da rami, ya fere ɗan itace ya buga a ƙarƙashi. Akwai ɗauri guda a Hassana da bai saki ba ko kaɗan, amma shi ma sai da muka kwance shi muka sake, tunda an yi wa takwaransa na Usaina. Kukan ya tsaya, ni ma aikin ya sa na manta da cikina.

Kowace safiya nakan kara kunne a jikin amya in ji lafiyarsu. Ƙudan da yake lafiya gunjinsa kauri gare shi, ba ya yankewa. Sai in jiƙa tsumma da ruwan zuma in manna a faifai su tsotsa. Wata safiya da na sauka cikin Usaina na ji ƙafata a ruwa har idon sawu.

Muka kwarfe da ƙoƙo, kafin azahar ya dawo. Baba Nomau ya shafa ko'ina da hannu bai ga inda yake shiga ba. Sai ya sa muka kwarfe tas, muka goge da tsumma, ya barbaɗa garin gero a cikin kwalekwalen tun daga goshi har wutsiya, muka tsuguna muna kallo. Can sai ga wani siririn layi ya yi duhu a cikin farin garin, kusa da inda reshe ya taɓa fitowa a jikin itacen.

"Ga ɓarauniyar nan," in ji shi. "Ɗan tudu, ina kakin nan naka?"

Na narkar da rabi a kasko. Ya tura audugar rimi cikin tsagar da bakin wuƙa, ya bi ta da kaki ciki da waje, ruwa ya tsaya cak. Ina cikin murna sai na ga ya haye Hassana da kurfinsa na sassaƙa, ya auna daidai wurin, ya soma ƙwaƙule lafiyayyen itace.

"Baba, me kake yi? Wannan ai ba ta yoyo!"

"An shafa wa Usaina kaki tana ƙamshi, ita kuma a bar ta haka? Kawo sauran."

Na dubi Inna Kuluwa ko za ta hana shi, ta ɗaga mini gira kawai. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma baƙo ne ni a jirgin mutane. Na miƙa, na ɓoye ɗan guntu a aljihu.

Gara da na ɓoye. Washegari muka shiga wani yanki inda wasu 'yan kifaye masu ƙyallin azurfa suke, bakinsu zagaye, ba abin da suke so irin zaƙi. Suka yanyame mu suna tsotsar kakin ta waje, kana jin tsut-tsut ɗinsu a jikin itace. Kafin mu farga sun tsotse na Usaina, ruwa ya dawo. Muka kore su da sanda, suka dawo da 'yan'uwansu. Inna Kuluwa ta kalle su, sannan ta kwance wani ƙulli a bakin zanenta. Garin maɗaci ne da take sha don ciwon ciki.

"In akwai sauran kaki, gauraya da wannan. Ni da na shekara ina sha ma ban saba ba, balle su."

Na fito da guntun kakin ina jin kunya. Muka narka shi da maɗacin, muka sake toshewa, Hassana ma aka ɗiga mata rabonta. Kifin farko da ya kai baki ya yi tsalle sama ya faɗo, sauran suka watse. Baba Nomau ya yi dariya har sai da ya riƙe jigo.

Daga nan tafiya ta yi daɗi. Muka wuce tsibirai na ciyawa masu yawo a kan ruwa, fararen tsuntsaye suna ƙwai a kansu. Muka wuce wani wuri inda ruwan daɗi yake ɓuɓɓugowa a tsakiyar na gishiri, muka cika tuluna, wannan daidai da wancan. Sai dai na lura Inna Kuluwa ta daina tsokanar taubashinta. Ta rungume matuƙi da hannu biyu, jijiyoyin wuyanta sun tashi.

"Jirgin nan yana ja hagu," in ji ta. "Tun da muka taso yake yi, amma yanzu ya ƙaru. In na saki hannu, zagaye za mu yi ta yi."

Jan da yake yi yana cin tafiyarmu, kuma a hagun akwai Tekun Gamba, inda ciyawar ruwa take kama jirgi ta riƙe shi har mutanen ciki su tsufa. Baba Nomau ya duba matuƙi, a miƙe yake. Ya duba jigo, ya ga ya ɗan karkata, ya buga masa itace a gindi ya miƙe, jan bai daina ba. Ya sassauta tabarma, ya ƙara ɗaure ta, duk ɗaya. Ya tuɓe ya nutsa ƙarƙashi ko ciyawa ce ta maƙale, ya fito yana furzar da ruwa ya ce sumul take. Abin da kowa yake gani dai shi ne Usaina ta fi nutsewa. Igiyar ruwa tana fallatso mata, kuma amyar da ke cikinta kullum a jiƙe take.

Da muka sami wani tudun yashi da ruwa ya janye ya bari, muka tsaya muka sauke kaya duka. Jirgi ya zama wayam, amma Usaina ba ta taso daidai da 'yar'uwarta ba. Baba Nomau ya zagaya yana ƙwanƙwasa su da ƙotar gizago. Hassana tana amsawa da ƙara, Usaina tana amsawa a dushe. Ya zauna a kan yashi ya dafe kai.

"Itacen dogo ne, ba shi da kauri, bai tsaguwa biyu a tsaye. Sai na yanka shi a tsakiya. Usaina gindi ce, Hassana kai. Gindi ya fi nauyi, ya fi shan ruwa. Kullum ƙara sha take yi."

Na ce, "To ai da sauƙi. A kwashe kayan Usaina a mayar Hassana, har amyar."

Inna Kuluwa ta dube ni kamar na zagi mahaifiyarta.

"A ɗora wa ɗaya, a bar ɗaya tana hutu? A tsakiyar teku? Kai baƙo ne, ba ka ga abin da muka gani ba. Kakana tagwayensa rabuwa suka yi da shi a kai, rabin gado aka tsinta."

"Inna, ƙudan nan ba ya son laima. Zai mutu."

"In jirgi ya rabu, duka biyun za su mutu, har da mu. A mayar da kaya yadda suke."

Baba Nomau bai goyi bayana ba, shi ma tsoron yana cikinsa. Muka mayar, tulu a nan tulu a can. Na lulluɓe amyar Usaina da rigata, na ɗaga ta a kan itace iyakar yadda rumfa ta bari. Muka ci gaba, Inna tana kokawa da matuƙi, ni ina kwarfar ruwan da yake fallatsowa. Haushinta nake ji, ina kuma jin tausayinta, don na ga tafin hannunta ya sale.

Gunjin amyar Usaina ya yi ta raguwa. Wata safiya na kara kunne na ji shi siriri, yana yi yana yankewa, ga warin ruma yana fitowa ta faifai. Na je na karɓi matuƙi daga hannunta na ba Baba Nomau, na kama hannunta na kai ta Hassana.

"Saurara, Inna."

Ta kara kunne, ta ji gunji mai kauri. Na kai ta Usaina. Ta durƙusa a cikin ruwa ta daɗe kunnenta a jikin amyar. Da ta ɗago, ta zauna a bakin gado tana kallon Tekun Gamba da ya soma bayyana kore shar a hagunmu.

"Nomau," ta ce a hankali, "ka tuna shekarar da 'yan biyuna suka yi ƙyanda?"

"Ɗaya ce ta yi. Ƙaramar."

"Ita na goya har ta warke. Babbar a ƙasa take bina, har da ɗaukar mini ƙwarya. Ba ta taɓa riƙe ni da shi ba."

Ta tashi ta tafi goshin Hassana, ta shafa itacen da tafinta mai ciwo, ta yi mata magana yadda ake yi wa mutum. "Hassana, 'yar'uwarki ba ta da lafiya, ta sha ruwa ta yi nauyi. Ba ƙinki nake yi ba. Ki taimake ta da kaya har mu isa, ke ce babba."

Sannan ta juyo. "Me kuke jira? Kai ma, Nomau, kaya ne. Koma dama da tumbinka."

Muka kwashe tuluna, buhun gero, dutsen niƙa da murhu, muka kai Hassana. Na rungumi amyar na haye da ita a hankali. Duk wanda ya ɗaga abu sai ya saci kallon ɗaurin azara. Ni da ba al'adata ba ma sai da na kalla. Usaina ta taso kaɗan kaɗan har bakinta ya yi daidai da na 'yar'uwarta. Igiya ba ta ce ƙiii ba. Inna Kuluwa ta karɓi matuƙi, ta riƙe da hannu biyu, ta koma ɗaya, sannan ta saki gaba ɗaya. Jirgi ya miƙe sak, ruwa yana tsagewa a goshi biyu, Tekun Gamba ya koma bayanmu.

Ƙamshi ne ya fara gaya mana mun kusa. Da tsibirin ya fito, sai na ga farin furen ba a kan itatuwa yake ba, a ƙasa yake. Furen bakin gaɓa duk ya zube, har ruwa yana kawo mana shi. Mutane sun taru a yashi, a bayansu na hango ɗaurarrun kaya a ƙofar gidaje. Inna ba ta tsaya gaisuwa ba, ta tambayi wani dattijo ko akwai saura. Ya nuna kan tudu, ya ce itatuwan can sun fi jinkiri, suna nan da nasu.

Muka hau da amya biyu a ka, gari duka yana biye da mu. Na ajiye su a gindin wata ɗorawa, na fara da ta Usaina. Da na cire faifai ba abin da ya fito. Na girgiza, suka zubo a tafina, jiƙaƙƙu, ba mai motsi. Na yi kuka a gaban mutanen da ban sani ba, ban ji kunya ba.

Inna Kuluwa ta tsuguna kusa da ni. "Ni na kashe waɗannan. Da na ji maganarka a tudun yashi, da suna nan."

Na share ido na cire faifan ta biyu. Shiru. Mutane suka matso, na ɗaga musu hannu su tsaya. Inna ta kasa haƙuri, ta kai hannu bakin amyar za ta leƙa. Sai ga guda ɗaya ya fito, ya taka yatsanta, ya hau bayan hannunta, ya gantsara mata harbi.

Ta yi ƙara, ta zauna daɓas. A bayansa sauran suka ɓarke, suka yi sama suna zagaye, gunjinsu ya cika tudun, sannan suka faɗa cikin furen ɗorawa. Yara suka ruga bayan iyayensu, don ba su taɓa ganin irin wannan ƙwaro ba.

Na kama hannunta zan cire ƙarin in shafa mata magani, ta fizge.

"Kada ka taɓa mini. Bar shi ya kumbura."

Ya kuwa kumbura, suntum. Ta sauka gari tana dariya hawaye yana zuba, hannun a sama, tana bi gida gida. A kowace ƙofa sai ta tsaya ta miƙa shi, tsofaffi su taɓa, su ce lalle harbin zuma ne. Duk gidan da ta bari, sai in ji ana kwance igiyar kaya.